Neman Tasar Inna a Ikko

Mun tashi daga Funtuwa ana idar da sallar asuba, ni da ɗan baffana mai fataucin goro, muka hau motar da za ta kai mu Zariya mu tari jirgin ƙasa mai zuwa Ikko. Ban taɓa wuce Kaduna ba a rayuwata. Kuɗin guzurina na raba shi biyu, rabi a cikin hula, rabi matata ta ɗinke min a ƙugun wando. Kafin mu kai Giwa na shafa wuraren nan ya fi sau goma, har ɗan baffan nawa ya ce in akwai ɓarawo a motar to na gama yi masa kwatance.

Da yawanku kun yi ta tambaya me ya kai ni Kurmi, ni da aikina awon auduga. Zan faɗa, ko da yake da kunya. Inna, mahaifiyata, tana da wata tasa ta tagulla, aikin Bida, mai nauyi, wadda ta gada wurin tata uwar. Ta tsufa ta yi baƙi, zanen jikinta duk ya cike da kore. Wata biyu da suka wuce Inna ta tafi suna ƙauye, sai ga wani ɗan koli yana bin gida-gida, yana karɓar tsofaffin kaya yana ba da sababbi. Na ba shi tasar, ya ba ni langa shida masu furanni, har ina jin tsoron ko na cuce shi. Na jera su a ɗakinta ina jiran a sa min albarka. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta dubi langa, ta dube ni, ta ce, "An gode." Tun daga ranar ba ta ƙara cin abincin da aka dafa a sashena ba. Matata ta kai tuwo, a dawo da shi ko malmala ba a gutsura ba. In na gaishe ta, sai ta amsa min irin amsar da ake yi wa mai karɓar haraji. Na rame, wandona har ya fara zamewa. Da na bincika a kasuwa aka ce ɗan kolin a Agege, can Ikko, yake sauke kayansa, Turawa yake sayar wa.

Jirgi ya zo a makare, cike maƙil. Muka samu wuri kusa da wata Bayarabiya mai kwandon kaji, zakaranta ya yi ta kallona har Minna. A nan muka sayi soyayyar doya da yaji, mai zafi, a ƙunshe cikin takarda. Abin da ya fi damuna a hanya salla ce, domin jirgi na lanƙwasa alƙibla na gudu. Na yi ta yadda ta samu, amma na rubuta kowace a bayan tikiti don in sake in mun sauka. A gadar Jabba na runtse ido ina karanta duk addu'ar da na sani, ɗan baffana kuwa yana shan rake yana tofar da ɓawon a kogi. Daga Ilori ƙasa ta canza. Ko'ina kore shar, itatuwa dogaye, ga gumi da ba ya bushewa a jiki. Muka wuce Badun da rufinta na kwano mai tsatsa iya ganinka, washegari da hantsi muka sauka Agege.

Zangon Agege kamar an ɗauko wata unguwa daga Kano an dasa a cikin damina. Ga huhun goro jibge a rumfuna, ga masu shayi, ga mahauta. Hausarsu dai sai ka kasa kunne, domin mutum zai fara magana da Hausa ya ƙare da Yarabanci, kuma kowa oga ne. Burodinsu mai laushi ne da nauyi, na sule ɗaya ya riƙe ni har la'asar. Har yanzu sule suke cewa, naira sai in an zo biya. Mai masaukinmu dattijo ne Bakano da ya haifi 'ya'yansa duka a can. Da ya ji labarina bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, sai da ya shiga gida na jiyo shi. Kafin magariba ya gano min ɗan kolin.

A bayan gidansa muka same shi, kuma abin da na gani a wurin har yau ina tunanin hukuncinsa. Sababbin sassaƙe-sassaƙe ne aka rataye a kan hayaƙi kamar kifi. Wasu an binne su a laka, wasu ana goga musu taunannen goro da man takalmi. Na tsaya nesa don kada rigata ta taɓa su. Na tambaye shi me ake yi haka.

"Tsufa muke sa musu, Malam," in ji shi. "Bature ba ya sayen tsafta. Taka kuwa ba ta ba ni wahala ba, dattinta na gado ne."

Ya ce wani dogon Bature mai gemu da ke aiki a tashar jiragen ruwa ya saye ta. Bai san gidansa ba, sai dai ya ji zai koma ƙasarsu. Al'adarsu kuwa in za su tafi sai su baje kayan gida a yi gwanjo ranar Asabar. Asabar ɗin nan akwai gidaje uku a Apapa, shi ma zai je, domin a can yake sake sayen abin da ya sayar musu da araha, ya jira sabon Bature. Ya ce akwai kujerar da ya sayar sau huɗu.

Ranar Asabar muka hau danfo, ƙaramar motar hayarsu. Kwandasta rabin jikinsa a waje, yana kiran sunayen unguwanni kamar mai faɗa da su. A Oshodi muka canza mota, na riƙe rigar ɗan baffana ban saki ba sai da na zauna. Daga nan goslo, motoci suka cunkushe. A Ijora mun fi awa guda a bayan wata tirela, har na sayi lemo ta taga na sha na gama ba mu motsa ba. Da muka kusa Apapa na hango teku, jiragen ruwa jere suna jiran a sauke musu siminti. Ban yi masa dogon kallo ba, ruwan ya yi yawa.

A gida na farko kowane abu an manna masa 'yar takarda da farashi. Ma'aikata da suka samu ƙarin albashi suna kokawa a kan firji da fanka, mutanenmu kuwa sun nufi abin da ya fi kowane tsufa. Akwai anini da kobo mai huji a cikin akwatin gilashi, irin waɗanda yarana ke wasan 'yar carafke da su a tsakar gida. Akwai wani garmaho mai ƙaho, sak irin na kantin da ke bakin tasha muna yara, wanda muka yi imani akwai ƙananan mutane a cikinsa. Na murza hannunsa, ya yi ƙara irin ta da, sai na ji idona ya kawo ruwa. Na kusa saye, sai na tuna abin da ya kawo ni. Ɗan baffana ya sayi agogon bango da ba ya tafiya, ya ce ko banza baƙo zai san gidan mai agogo ya shigo. A gida na biyu babu komai sai littattafai da takalman ƙwallo. Na buɗe kowace tukunya na leƙa ƙarƙashin kowane gado, har matar gidan ta sa mai gadi ya riƙa bina.

A ƙofar gida na uku ɗan kolin ya ja ni gefe ya yi min huɗuba. In na ga tasar kada in kalle ta sau biyu, in taya wani abu daban, in yi kamar zan tafi. Na haddace. Muka shiga, ga Bature mai gemu kuwa. Na duba falo, na duba tebur, na duba cikin kabad. Babu tasa. Azahar ta yi, sai na zagaya baya in roƙi ruwan alwala.

A nan na gan ta. Tana ƙarƙashin famfo cike da ruwa, wani ƙaton kare mai kamar maraƙi ya tsoma baki a ciki yana lasa.

Na yi salati na zauna a ƙasa. Kukun gidan ya fito, mutumin wajen Kafanchan ne, da Hausarsa sarai. Ya tambaye ni ko jiri ne. Na nuna tasar.

"Wannan? Madam ce ta ce ta yi baƙi, ba ta son ta a falo. Shi kuwa wannan ɗan banzan, duk kwanon da aka ba shi sai ya kifar. Ita kaɗai ta fi ƙarfinsa. Yanzu an bar min shi, da kwanonsa."

Huɗubar ɗan koli ta bi iska. Na kwashe labari kaf na faɗa masa, har da ramar da na yi. Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya share ido ya ce, "Ai in uwa ce, ɗauka, ɗan'uwa. Amma ka samo masa abin da ba zai kifar ba, ni zan zauna da shi."

Haka na koma cikin gwanjo na sayi tukunyar ƙarfe mai nauyi, don karen. Shi ne kawai abin da na saya a gwanjon. Ɗan baffana ya yaudari karen da burodi, ni kuma na tura tasar da sanda na naɗe ta a jarida, na riƙo ta nesa da jikina har Agege.

A masallacin zango na tambayi wani malami, ya ce a wanke sau bakwai. Wani a gefensa ya ce ɗaya daga ciki da ƙasa. Don kada in ɓata wa kowa, na yi na wannan daban, na yi na wancan daban. A na biyun lissafi ya ɓace min a wajen biyar, na sake daga fari. Da na gama na zauna ina kallonta, sai zuciyata ta ce, to baƙin nan da ke cikin zane fa, wa ya san abin da ya shige ƙarƙashinsa? Na nemo toka da lemun tsami da rairayi, na ƙwaƙule kowane zane da tsinken tsintsiya. Kwana biyu ina yi, yatsuna suka saɓule. Ta fito tana walƙiya, har kana ganin haƙoranka a ciki. Ɗan kolin ya zo ya gani, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Malam, shekara ɗari ka wanke da lemun tsami na kobo biyu. Yanzu ko kyauta Bature ba zai karɓa ba."

Na ce ai ba Bature zan kai wa ba. A raina ina cewa Inna za ta ga aiki.

A jirgin dawowa na yanke shawara. Ƙarya ba zan yi ba, amma zancen kare ba zai fito daga bakina ba. Muka iso Funtuwa da yamma, ko wanka ban yi ba na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ajiye tasa. Ta ɗauka, ta juya ta, ta mayar gabana.

"Sabuwa ka kuma sayo min? Tawa baƙa ce. Ka tafi har Ikko ka shiga kanti, ka dawo za ka rufe ni."

Na rantse ita ce. Ta ce to wa ya kankare ta, kuma a kan me? Nan na ga hanya biyu ce kawai, ko in zama maƙaryaci a idonta, ko in fito da kare. Na sunkuyar da kai na fito da shi, da girmansa, da famfo, da tukunyar ƙarfe, da yawan wankin da na yi. Ta dubi tasar, sannan ta tambaye ni.

"Wata nawa yana sha a ciki?"

"Kuku ya ce wata guda da 'yan kwanaki, Inna."

"Bai fasa ta ba."

"Bai fasa ba."

"Bai kuma sayar ba."

"Bai sayar ba, Inna."

"To ya fi wani." Ta jawo tasar ta ɗora a cinya tana bin zanen da yatsa. "Na yarda ita ce. Duk Funtuwa ba mai wannan wautar sai kai. Ce wa matarka ta kawo tuwon."

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya ci min fatar yatsu. Duk abin da ka gani ya tsufa a ɗakin tsohuwa, ba rashin sabo ne ya sa ta ajiye shi ba, kada ka taɓa sai ka tambaya. Ikko kuma gari ne da ake binne sabon abu don ya yi daraja, wanda zai je ya tafi da haƙurin goslo. Na kuma ga mutumin da ban sani ba, ba addininmu ɗaya ba, ya ba ni abin hannunsa don kawai na ce uwa.

Tasar tana kan jere, Inna ta hana kowa goge ta. Jiya ta aiko a gaya wa matata miya ba gishiri, kuma gobe a ƙara daddawa. Ban taɓa jin ƙorafin da ya yi min daɗi kamar wannan ba.