Takardun da Hadalo Ya Ɗaura

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka yi wa Alhaji Sani sallar jana'iza a Masallacin Harami na Makka, kuma har yau tsofaffin unguwar Misfala ba sa gane wanda nake nufi sai na ce Hadalo. Sunan iyali ne na wani Baturen Ingila, Hadlow, masanin tono kayan tarihi, wanda Sani ya yi wa aikin haƙa a Sudan lokacin da yake tahowa Makka ta ƙasa.

Ɗabi'a ɗaya ya ɗauko wurinsa: ba ya ɗaga abu sai ya rubuta inda ya same shi. Duk gidan da za a rushe a Misfala ko Jarwal, yana can kafin katafila. Guntun tulu, sakatar ƙofa, katakon taga, kowanne ya ɗaura masa takarda da zare, ya rubuta da ajami: gidan wane, mutanen Sakkwato, ɗakin ƙasa. Na shiga gidajen tarihi a Alƙahira da Istanbul da Landan. Rabin abin da ke cikin gilashinsu kasko ne irin nasa. Takardar da ke gefe ce ta ba shi daraja.

Watan jiya wani malami daga Kano, mai bincike kan Hausawan Makka, ya roƙi in kai shi ya ga kayan. Faisal, babban ɗan marigayin, ya tarbe mu da murna. Ya wanke komai tas, ya jera a kabad, manya sama, ƙanana ƙasa.

"Ya ammi, shuf! Duba, Baffa! Yanzu sun yi kyau. Takardun sun yi baƙi, rubutun ma na kasa karantawa, sai na zubar."

Don ƙaunar mahaifinsa ya yi. Wa zan yi wa faɗa? Da Sani zai dawo, ba Faisal zai tuhuma ba. Ni zai tambaya, ni da na iya ajami, ni da gidana ke bayan nasu, nake ta cewa bari a gama aikin Hajji in zo in kwafe.

Na ɗauki wata sakata. Zuciyata ta ce ta gidan da aka haifi matata ce, inda otal yake yanzu. Malamin ya riƙe biro yana jira, kuma duk abin da na faɗa shi zai shiga littafi. Na daɗe ina juya ta a hannu, sannan na ce ya rubuta: ba a sani ba.

Abin da ya rage mini na Sani ke nan, ba zan ƙaga wa sakata gida ba. Allah ya jiƙansa.