Loma Ukun da Inna Ta Ci

Babana kuku ne. Shekara da shekaru yana dafa wa wani Nasara mai sayen gyaɗa abinci a Maraɗi, amma a gidanmu na Cadawa ko ruwan zafi ban taɓa ganin ya ɗora ba. Da aka sami ƴancin kai Nasaran ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙasarsu, Baba ya dawo gida da tukunyar ƙarfe guda mai murfi da wasu cokula, ya ɗauki hauya kamar kowa.

A kakar wannan shekarar ciwon Inna ya yi tsanani. Ni ce ɗiyar fari, na riga na yi aure a Gazawa, sai aka aiko na zo jinya. Na iske ta rame ƙwarai. Tuwo ba ya wuce mata, fura ta gundure ta, kunu kuwa da ta ji ƙamshinsa sai ta juya wa bango fuska. Likita ya faɗa mana gaskiya, ya ce in ba ta ci abinci ba magani aikin banza ne.

Rannan Baba ya hau motar gyaɗa ya tafi Maraɗi bai ce wa kowa uffan ba. Washegari ya dawo da dankalin Turawa ƙulle a hannun riga da tsokar naman shanu. Ya sayi madara da man shanu wurin Fulani, ya tuɓe babbar riga, ya shiga madafi.

Kafin ya gama hura wuta matan maƙwabta sun jeru a kan danga suna leƙe. Wata ta ce, "Yau mun ga ikon Allah, maigida da tabarya!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ko a jikinsa. Gidan Nasara da inji ake niƙa naman, nan kuwa yankawa ya yi ƙanana-ƙanana, ya daka a turmi har ya yi laushi, ya soya da albasa. Ya dafa dankalin, ya ɓare, ya murje shi da bayan ludayi yana zuba madara da man shanu kaɗan-kaɗan. Ya shimfiɗa naman a ƙasan tukunya, ya rufe shi da dankalin, ya ja layuka a kai da cokali mai yatsu. Sannan ya ɗora a kan garwashi, ya kwashi wani garwashin ya zuba a kan murfi, ya tsuguna yana fifita.

Bai kalle ni ba, don tsakanin uba da ɗiyar fari magana ba ta da yawa, sai ya ce wa tukunyar, "In matar Nasara ta kwanta ciwo, wannan kaɗai ke shiga bakinta. Ba shi buƙatar tauna."

Da ya buɗe, saman ya yi ja, ƙamshi ya cika gida, masu dariya suka yi tsit. Ya zuba a kwano, ya kai ɗakin Inna da kansa, ya ajiye, ya zauna a bakin gado ya tsura mata ido. Haka ya saba a wurin aiki, yana tsaye har a ɗanɗana a ce masa ya yi. Ya manta da irin matar da ya aura. Inna tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. Ta ja zane ta rufe fuska.

"Ki taɓa ko kaɗan ne," in ji shi.

Ta ƙi yaye zanen. Ya jima zaune, ya miƙe ya sa takalmi. A bakin ƙofa na ji ya ce a hankali, "Ashe aikin banza na yi." Ya tafi masallaci.

Fitarsa ke da wuya Inna ta yaye zanen. "Ke, ya tahi? Miƙo mini abin nan." Na ba ta da cokali, ta ture, ta sa hannu. Loma uku ta yi, ina ƙirgawa. Ta lashe yatsu ta yi murmushi, ta ce, "Ashe haka mutumen nan ya iya, shekara nawa shina barina da hayaƙi." Daga nan ta gaji. Abin da ya rage ƙannena suka cinye.

Na yi niyyar gaya masa, wallahi na yi. Amma da ya dawo kunya ta ɗaure mini baki, na ce bari sai gobe. Washegari da hantsi Inna ta cika. Gida ya cika da masu gaisuwa, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, mijina ya zo ya ɗauke ni. Tukunyar Baba ta koma wurin zuba wa kaji ruwa. Har yau ina jin haushin kaina, ina jin haushin wannan kunya da ba ta tsinana mana komai ba.

Sai da ya tsufa, idonsa ya tafi, ni ma na yi furfura, sannan na zauna kusa da shi wata rana a zaure ina dama masa fura.

"Baba, abincin nan da ka yi ma Inna, ta ci. Kana hita ta ci, loma uku. Har ta lashe yatsu."

Da farko na zaci bai gane wanne nake nufi ba. Can na ga hawaye yana bin gemunsa.

"Gishirin hwa?" ya ce. "Duk shekarun nan ina cewa ko shi na cika."