Na Ɗauki Kiɗan Rok da Auduga a Kunne

Na taɓa bin mawaƙan rok yawon wasa ina ɗaukarsu a bidiyo, wasa uku a wuri uku, kuma a lokacin ni ɗalibin fiƙihu ne a Makka. In na faɗi haka a Kano sai a bushe da dariya, a ce na cika zolaya. Ni kam dariyar ba ta kai min ciki, don na san abin da na aikata.

A unguwar Misfala nake zaune, a wani ɗan ɗaki a saman bene, gidan wata Hajiya mai sayar wa alhazai turaren wuta da carbi. Iyayenta daga Chadi suka taso a ƙafa, suka ratso Sudan tana goye. Hausarta tana nan daram, sai dai in ranta ya ɓaci takan juye Larabci. Ɗanta namiji guda ne, sa'ana, haifaffen unguwar, wanda bai taɓa wuce Jidda da Madina ba. Gyaran waya yake yi a wani shago a unguwar Kudai. Duk Alhamis sai ya saɓa wata doguwar baƙar jaka ya fita, Hajiya ta ce min kayan aiki ne. Sai da na shekara biyu a gidan na san jita ce a ciki, garayar nan ta Turawa.

Mahaifinsa ya rasu, takardar zamansa kuma ta mahaifin take bi. Aka yi ta zirga-zirga wata da watanni, abu ya ƙi. A ƙarshe aka ba shi wa'adi ya koma ƙasarsa, wato Chadi, wadda bai taɓa takawa ba. Hajiya tata takardar tana ƙarƙashin mijin 'yarta, ita za ta zauna. Saura sati biyar ya tafi, ya hau benen ya same ni. Ya san ina da 'yar kyamara da nake ɗaukar karatun malamai in aika wa 'yan'uwa gida.

“Ya shek,” ya ce, “hidima ɗaya nake so. Muna da firƙa, ya'ani ƙungiya, mu huɗu. Za mu yi wasa uku kafin in tafi. Ka ɗauke mu.”

Na ce masa ya dubi gemuna da kyau.

“Na duba, shi ya sa na zo. Kai ba za ka saka a intanet ba. Don ummi ne, wallahi. Ba ta taɓa jin ina waƙa ba, ko sau ɗaya. Na yi mata guda da Hausa. In na tafi, sai ta riƙa sakawa tana ji na.”

Ban iya cewa a'a ba. Na so mutumin, kuma na ga idonsa ya yi ja. Na ce to, ya rungume ni, ya sauka da gudu, ya bar ni da littattafaina.

Na yini ina buɗe wannan ina rufe wancan. Abin da na fito da shi shi ne, hoto dai malamai sun yi saɓani, akwai masu sassautawa. Kayan kiɗa masu tsirkiya kuwa, malaman da nake bi ba su bar ko taga ba. To, ido zai yi aiki, kunne ya huta. Akwai dabarar da muke yi mu ɗalibai in za mu ɗauki walima a zauren da ake kiɗa a maƙwabta: kyamarar tana da ramin makirufo, in ka soka mata kan wayar da aka yanke, sai ta ɗauka an ba ta makirufo, ta toshe nata kunnen, ba ta ɗaukar ko tari. Na nemo wayar na soka. Na sayi auduga don nawa kunnuwan. Na kuma yanke cewa in aka zo waƙar Hajiya zan zare wayar, tunda waƙar ɗa ga uwa biyayya ce. Ni na yi tambayar, ni na ba da fatawar, kuma ban gaya wa kowa ba.

Ashe ba ni kaɗai ke da fatawa ba. Mai gangarsu, wani ƙaton direban bas ɗin alhazai, ya daɗe da yanke musu hukunci cewa ba a kiɗa a cikin iyakar Harami, saboda zunubi a nan ninkuwa yake yi. Don haka a Kudai muke haɗuwa bayan azahar, mu biyar da ganguna a cikin bas mai cin mutum hamsin, kowa tsit kamar masu rakiyar gawa. Sai mun wuce alamar iyaka direba ya ɗaga hannu ya ce, “Halas, mun fita,” sannan a zuge jakunkuna.

Wasan farko a wata istiraha aka yi a hanyar Jidda, irin gidan shaƙatawar nan mai katanga da ake haya na yini. 'Yan kallo ba su kai ashirin ba, duk maza, cikin fararen jallabiyoyi, a zaune a kan darduma da kofunan shayi. A bakin ƙofa an ajiye robar wanke-wanke, kowa ya jefa wayarsa a ciki, don kada hoto ya fita. Kyamarata ce kaɗai aka yarje wa. Na ji wani girman kai ya shige ni, Allah ya yafe min.

Na cusa auduga, na ja hula ta rufe, aka fara. Abin da ke iso min bai wuce ƙugin injin niƙan maƙwabta ba, sai dukan da nake ji a ƙirji. Amma ido ya sha kallo. Ɗan Hajiya, wanda a gida ba ya ɗaga kai ya dubi mutum, ga shi yana tsalle, yana durƙusawa, baki a wangale, jijiyar wuya ta fito. Mai ganga yana jibga kamar ya kama ɓarawo. Wanda bai taɓa kallon rok babu sauti ba bai san yadda abin yake ba: maza huɗu ne suke ta faɗa da wani abu da ba ka gani. Ana cikin haka na ga kowa ya ƙame. An kira magariba a masallacin kusa. Suka jingine jitoci, aka yi alwala, aka tura ni gaba tunda ni ne malami. Na manta da audugar, na ja salla ina ganin a hankali nake karatu. Bayan sallama mai ganga ya dafa ni ya ce da irin wannan murya, in ina so, akwai wuri a ƙungiya.

Wasa na biyu a wata gona ne kudu da unguwar Ka'akiyya. An gama haɗa wayoyi ke nan mai ganga ya shiga kokwanto, ko gonar tana cikin Harami ko tana waje. Mai gona ya rantse tana waje, wani ɗan kallo ya ce shi kakansa ya gaya masa iyakar ta bi ta wajen rijiya. Aka juyo kaina. Ni ban sani ba, amma malami ba ya cewa bai sani ba a gaban masu jita, sai na ce a yi taka-tsantsan. Haka muka kwashi ganguna da lasifika da janareta muka kai can ƙarshen gona, jikin garken awaki. A bidiyon, rabin wasan nan wani bunsuru ne a tsaye yana tauna yana kallonsu.

A hanyar dawowa ɗan Hajiya ya zo ya zauna kusa da ni. “Yaya sautin, ya shek? Yana fita?”

Na ce, “Alhamdu lillahi.” Na gaya wa kaina godiya ga Allah ba ta zama ƙarya.

Na uku a Ɗa'ifa, can saman dutse, iska mai sanyi. Mutane sun ɗan fi yawa, don labari ya zaga cewa mawaƙin zai tafi. Suka yi ta yi har rana ta yi ƙasa, sannan ya juyo ya dubi kyamarata, ya ɗora hannu a ƙirji. Na gane ta Hajiya ce. Na kai yatsu biyu na kama wayar nan.

Sai na ga hannunsa ya sauka a kan jita. Na ce bari in ɗan jira, in kiɗan ya lafa ya fara rerawa sai in zare, in ɗauki murya zalla. A waƙoƙin da na sani haka ake yi, makaɗa su ja baya, mawaƙi ya shigo. Ban san rok ba ya lafawa ba. Bakinsa ya fara motsi, jitoci suna nan suna yi. Na ce baiti na gaba. Na ga wani magidanci a gaba yana share ido da gefen mayafin kansa. Na ga mai ganga, ƙaton nan, yana duka hawaye na zuba a gemunsa. Na ce amshi na gaba, tabbas za su tsagaita. Sai na ga ɗan Hajiya ya sauke jita, ya sunkuyar da kai, mutane suka miƙe. Yatsuna suna nan a kan waya.

A cikin bas ya miƙa wa ɗayan abokin nasu jitarsa ya ce ya riƙe, shi ya gama. Fuskarsa fes, ban taɓa ganinsa cikin nutsuwa irin ta ranar ba. Saura kwana tara ya tafi. Da na buɗe baki, da mai ganga ya tsaya a gefen titi, minti goma ya isa a sake. Na sani sarai. Ban yi magana ba, kuma ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, kunyar mutum huɗu ce kawai. Kullum in ce gobe. Shi kuma ya sauƙaƙa min, ya ce kada in ba Hajiya faifan sai ya tashi, don ba zai iya zama a ɗakin tana ji ba.

Ya tashi ranar Talata. Ranar Alhamis bayan azahar na sauko da faifan. Hajiya ta sa sabon mayafi, ta turara ɗakin kamar mai jiran baƙo, ta zauna daf da talabijin. Na saka, na kai mata wurin waƙarta. Ga ɗanta ya dafa ƙirji. Ta ce, “Masha Allahu,” ta ɗauki rimot ta ƙara murya. Ta ƙara. Ta kai ƙarshe. Ta miƙe ta bubbuga gefen talabijin ɗin da tafin hannu.

“Malam, akwatin ne ko kunnena?”

Ta ba ni hanya biyu, kowacce zan iya bi in tsira. Na durƙusa na gaya mata komai, har da littattafan da na duba. Ta saurara ba ta katse ni ba.

“To kai da kake wurin, ka ji?”

“Da auduga a kunnena, Hajiya.”

“To me ka je yi?”

Daga nan ta juye Larabci. Na fahimci kowace kalma, tunda karatun da ya kawo ni ke nan. Ta zage ni, ta zagi kyamara, ta tambayi Allah wane irin ilimi ne wannan. Sannan ta zauna, ta kalli bakin ɗanta yana motsi har ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan zaman ba.

Muna nan wayarta ta yi ƙara. Shi ne, daga Njamena, ya san ranar zan kawo faifan. Ta sa a lasifika.

“Ummi, kin ji?”

Ta dube ni. “Na ji, ɗana. Sau uku na saka.”

“Hausar ta fita? Ban yi kuskure ba?”

“Ko ɗaya. Ashe haka Allah ya ba ka murya kake ɓoye min.”

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, ya ce a gaishe da shek, a yi masa godiya. Da ta kashe wayar ta ce, “In ka gaya masa, ban yafe ba.” Ta zare faifan da kanta ta kulle a akwatinta, ko 'yarta ba ta nuna wa ba.

Na gama karatu na dawo Kano. Shi yana can yana gyaran waya, ya yi aure, bai sake taɓa jita ba. Duk Sallah sai ya turo min gaisuwa, kuma ba ya rufewa sai da godiyar faifan nan. Ba ya iya karanta bokon Hausa, shi ya sa nake iya rubuta wannan. Hajiya ta rasu bara, bai samu zuwa ba. Satin da ya wuce ya turo min saƙon murya. Ya ce an duba kayanta ba a ga faifan ba, ko ina da na asali. 'Yarsa ta fara wayo, yana so ta ji waƙar da kakarta take so.

Ina da na asalin. Saƙon yana nan a wayata, ban amsa ba tukuna.