Anarkan-eje da Ƙofar Ɗakin Kwal

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, in ka tsaya a tashar motar garinmu, za ka ga wata gajeriyar mata cikin kwat ruwan toka, rataye da jakar fata wadda aka ɗinke hannunta sau uku. Ba ta gaggawa, ba ta kuma makara. Takan zauna kusa da taga, ta ɗora jakar a cinya, ta lumshe ido har motar ta cika. Shekara talatin da huɗu Anarkan Sadirova tana wannan zama. Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi na ƙarshe.

Na daɗe ina rubutu a 'yar jaridar gundumar nan, kuma na gaji da yabon mutanen da aikinsu yanka kyalle ne a bakin sabon gini. Yau dai a bar ni in yabi wadda ƙafarta ta san kowane lungu na ƙauyukan bakin tafkin Isik-Kul.

Aikinta ba mai daɗin faɗa ba ne. Ma'aikaciyar ƙididdiga ce, ɓangaren gidaje da haya. Sau huɗu a shekara takan bi masu ba da hayar ɗaki, da dillalan filaye, da masu rumfunan kasuwa, ta tambaye su abin da suka samu. Kare ya kore ta, an rufe mata ƙofa a fuska, an ɗauke ta mai karɓar haraji ba sau ɗaya ba. Abin da ta tattaro sai a aika ofishin lardi, can a jera gundumomi a jadawali guda: wace ce samun masu hayarta ya ƙaru, wace ce ya tsaya cik. Mu nan ba mai karanta jadawalin. Amma da shi ake duba ƙauyukan da za a sa cikin jerin masu karɓar kwal mai rangwame in sanyi ya shigo, kuma duk wanda ya taɓa kwana a nan a watan Janairu ya san kwal ba abin wasa ba ne.

Kowa ya san yadda muke yi da rani. Da an shiga Yuni, sai a share gida, a shimfiɗa zannuwan da aka ɓoye, a kafa allon haya a ƙofa. Baƙi su zo daga birni su kwana a gadajenmu, mu kuma mu kwashe tsummokaranmu mu koma ɗakin ajiya can ƙarshen lambu. Wata uku ke nan. Da ruwan tafki ya yi sanyi sai su watse, a kife allon, abin da aka samu kuma shi za a yi ta gutsura har wata shekara.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo sabon shugaban sashe a ofishin lardi, wani matashi mai suna Talantbek. Yaro ne mai ladabi, mai son aiki ya fita tsaf, ba ni da abin da zan ce a kansa na mugunta. Ya duba ya ga zagaye huɗu a shekara ɓarnar man mota ce, sai ya mayar da shi ɗaya, a watan Yuli, lokacin da hanya ke da kyau. Abin da aka samu a watan sai a ninka sau goma sha biyu. A gundumomin kan dutse, inda malamin makaranta ke biyan haya iri ɗaya kowane wata, lissafin ya zauna daram. Da aka zo kanmu, sai ga shi wai samun masu hayarmu ya ninka har sau huɗu a shekara guda. Muka hau saman jadawali, ƙauyuka uku kuma suka faɗo daga jerin kwal.

A watan Oktoba aka aiko takardar don Anarkan ta sa hannu. Ta karanta, ta mayar cikin ambulan, ta hau mota zuwa lardi. Sabir-baike, wato Yaya Sabir, direban ofishin, yana tsaye a bakin ƙofa lokacin, shi ya ba ni labari.

"Eje, hannu kawai za ki sa," in ji Talantbek. Eje na nufin yaya, haka muke kiran macen da ta girme mu. "Ai alƙaluman naki ne, ba ni na ƙirƙiro ba."

"Na Yuli nawa ne. Sauran goma sha ɗayan naka ne."

"Haka ake yi a ko'ina."

"To ko'ina ɗin su sa maka hannu."

Ya yi dariya, irin ta wanda ba ya son ya yi wa babba tsawa. "Eje, ni fa na san wurin nan. A Terek-Suu na yi hutu bana, gidan wata tsohuwa, Burul-apa. Kuɗi som dubu biyu nake ba ta kullum. Ɗakuna uku, duka cike. Wannan ce za ki ce mini matalauciya?"

"Ita a ina take kwana lokacin?"

"Ta ce tana da wani gidan."

Sabir ya ce a ranar ya fara ganin gajiya ƙarara a fuskar Anarkan. Ta ce, "Ɗana, ba ni yini ɗaya. Mu je ka gaishe ta. In ka dawo ka ce in sa hannu, zan sa."

Suka tafi ranar Laraba. Iska na kaɗawa daga tafki, duk titin Terek-Suu ba kowa sai alluna a kife da tagogi da aka toshe da leda. Anarkan ta ji sanyi a ranta, ta ce abin ya zo da sauƙi. Ta manta da abu ɗaya, ita da aka haifa a nan: labari ya riga su isa cewa baƙo na tafe.

Burul-apa, wato Inna Burul, mai shekara saba'in da shida, ta tare su a ƙofa da sabon ɗankwali. Ta hura murhu har ɗakin na gumi. A kan shimfiɗar abinci ga borsok, 'yan ƙananan fanke, an soya tuli, ga man shanu, ga zuma, ga jam na 'ya'yan itace iri uku, ga kaza. Kaza biyar gare ta, ta yanka ɗaya. Maƙwabta sun miƙo ta katanga duk abin da suke da shi, kamar yadda muka saba, don kada a ce baƙo ya zo ƙauyen ya ga gazawa.

"Apa, yaya samu bana?" in ji Talantbek, yana karɓar shayi da hannu biyu.

"Alhamdulillahi, ɗana. Gida cike, ba abin da muka rasa. Ci mana, ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

"Sanyi fa? Za ku iya?"

"Wane sanyi? Mu da muka ga na da? Ƙara kaza."

Ya juyo ya dubi Anarkan, ta gane nufinsa: saura ta sa hannu. Takardar tana cikin jakarsa, biro na aljihunsa. Ta zauna da kofin shayi a hannu, ta san ba a taɓa yi ba, ba a kuma yi: ka ci gurasar mutum, ka tashi ka tona masa asiri a gaban baƙonsa. Burul-apa ƙawar mahaifiyarta ce. Ita ta yi mata kitso ranar aurenta, ita ta wanke gawar uwarta.

Ta ajiye kofin ta miƙe. "Talantbek, zo ka ga lambu."

"Anarkan," in ji tsohuwar, murya ƙasa ƙasa. "Zauna. Shayinki zai huce."

Ba ta zauna ba. Ta bi ta tsakanin itatuwan tuffa har ƙarshen lambu, ta ture ƙofar ɗakin ajiya. Gadon ƙarfe ne a ciki, an tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, akurkin kaji a gefensa, rufin kuma ana hango sama ta cikinsa.

"Ga ɗaya gidan nata," in ji ta. "Nan ta kwana ranakun da kake kan gadonta."

Sannan ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke kusa, ta ɗakin kwal. An share shi tas. Bokiti ɗaya ne a kusurwa, rabinsa gari.

"Wanda ke ci a murhu yanzu, don kai aka hura. Na mako guda ne ta ƙona maka a yini ɗaya. Kuɗin Yuli ta sayi gari da mai da magani, ta biya wa jikarta makaranta. Baƙo na gaba sai Yuni. Ninka wannan sau goma sha biyu in gani."

Da suka juyo, Burul-apa na tsaye a tsakiyar lambu, dogare da sanda. Ba ta dubi baƙon ba. "A gidana," ta ce. "Da gurasata a bakinki. Da uwarki na raye da ta mutu yau." Ta juya ta shige, ta rufe ƙofa.

Suka koma lardi ba a sa hannu a takardar ba. Bayan kwana tara aka sake fitar da jadawalin. Gundumarmu ta sauko daga sama ta koma tsakiya, inda take tun fil azal, da ƙarin kashi huɗu cikin ɗari. A ƙasa aka ƙara layi ɗaya da ƙananan haruffa, cewa hayar bakin tafki ta wata uku ce, ba a ninka ta. Aka maido da zagaye huɗu. Motocin kwal suka shiga ƙauyukan uku kafin dusar ƙanƙara ta farko, gidaje ɗari biyu da wani abu.

Ba wanda ya gode mata. Yawancinsu ba su ma san an taɓa cire su ba. Abin da ya zagaya ƙauyukan shi ne Anarkan ta kunyata tsohuwa a gaban baƙo, kuma gaskiya ne, ta kunyata ta. Shekara huɗu tana zuwa Terek-Suu da jakarta, sau huɗu kowace shekara, Burul-apa na aiko mata da amsar tambayoyi ta bakin maƙwabciya. In sun haɗu a biki, tsohuwar ta kau da kai. Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama. Ta ce, "Kullum. Amma in aka mayar da ni ranar, ƙofar nan zan sake buɗewa." Ta faɗe shi ba tare da alfahari ba, kamar mai faɗin ciwon gwiwa.

Anarkan-eje, ke ce kika san cewa kowace lamba a takardar nan wani ne ke kwana a bayanta. Ke ce kika yi shekara talatin da huɗu kina ƙwanƙwasa ƙofofin da ba a son buɗe miki, kika ci zagin da ba naki ba, kika koma washegari. Mai jakar da ba ta ɗaukar ƙarya. Mun san ke ma da rani ɗakin ajiya kike komawa, mun kuma san sunanki bai taɓa shiga jerin kwal ba, don mai albashi ba ya shiga. Da busasshen kashin shanu da rassan tuffa kike fitar da sanyi, kina tsare wa wasu abin da ba za ki samu ba.

Bikin sallamarta bai ɗauki awa ɗaya ba. Aka ba ta takardar yabo da butar shayi mai lantarki, aka tafa, kowa ya duba agogo. Ta hau motar yamma ta koma gida.

Tana isa ta tarar da mutum zaune a kan benci a ƙofarta. Burul-apa ce, yanzu shekararta tamanin, ta sa an kawo ta tun daga Terek-Suu. A gabanta bokiti ne cike da kwal, manya manya, an zaɓo.

Anarkan ta tsaya, jaka a kafaɗa, buta a hannu. "Apa."

"Kar ki ɗauka na huce," in ji tsohuwar. "Ɗauki abin nan, ni ba zan iya ɗaga shi ba. An ce kin ajiye aiki, wa zai riƙa zuwa yana damuna?" Ta gyara ɗankwali, ta dubi gefe. "Ranar Lahadi ki zo shan shayi. Ɗakin kwal na bar shi a buɗe, sai ki leƙa, tunda ke ba ki da kunya."

Maƙwabciyar da ta gani ta ce Anarkan ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, cikin kwat ɗinta na aiki, ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kuka mai isarta. Tsohuwar na shafa mata kai tana ci gaba da mita.

Mun gode, eje. Allah ya huta da ƙafafunki, ya ba ki ɗumin da kika nema wa mutane. Ku kuma matasan da za ku gaji teburinta, na san ku ma kun gaji tun kafin ku fara, albashin ba ya kai ku ƙarshen wata. Ba na roƙon ku da yawa. Layin nan na ƙasan jadawali yana nan, kuma duk shekara sai an sami wani ya ce yana ɓata tsarin shafi, a goge. Ranar da aka ce muku haka, kada ku yi gardama a ofis. Ku hau motar bakwai saura kwata a watan Oktoba, ku je Terek-Suu, ku sha shayin da za a ba ku, sannan ku tashi ku je ƙarshen lambu.