Raliya Mai Hana Cire Takalmi

A shekarar 1986, bayan lantarki ya iso unguwarsu a Kura, yayan Raliya mai kitso ya kawo mata wata na'ura daga Kano. Siririyar kwalba ce mai shuɗin haske, ana goga ta a fuska don busar da ƙuraje. Gidan Raliya na gefen hanyar ruwan noman rani, daɓenta kullum da danshi, shi ya sa ta ce kowa ya shigo da takalmin robarsa.

Wannan doka ta jawo mata zargi. Aka ce da iskoki take aiki, mata suka daina zuwa kitso.

Uwa, matar malamin unguwa, ta zo ta gani da idonta. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

"Inna, mayar da shi," in ji Raliya. "Wuta na bin jiƙaƙƙiyar ƙasa."

"Ke 'yar nan, da furfurata zan taka ɗakin mutane da takalmi? Ko aljanin naki ne ba ya son ƙafa?"

Raliya ta ƙi kunna na'urar sai da Uwa ta ɗora ƙafafunta kan busasshen katako, sannan ta goga mata kwalbar a bayan hannu. Uwa ta ji ɗan cizo kamar na kiyashi. Ta gaya wa mata ba ta ga iska ba, amma ba za ta miƙa fuskarta ba. Masu zuwa kitso suka dawo. Na'urar kuwa, 'yan mata uku kawai suka yarda da ita a shekarar.