Rigar Nutson Yaya

Gidanmu ba a san mu da rama ba. An ce kakanmu da ya taho daga ƙasar Kano a ƙafa ya zauna a Madina siriri ne, amma mu jikokinsa shinkafa da nama sun karɓe mu. Ni da yayana jikinmu ɗaya, tumbi ɗaya, gajeren wuya ɗaya. Inda muka rabu, shi ruwa yake so. Duk ƙarshen mako sai ya kama hanyar Yanbu, ya goya tukunyar iskar numfashi ya nutsa cikin Bahar Maliya. Wata Juma'a ya nutsa bai fito ba. Aka yi kwanaki ana nema, aka haƙura, aka yi masa sallar ga'ib. Kowane ɗan Madina burinsa a kwantar da shi a maƙabartar Baƙi'a, shi kuwa ko tudun da za mu tsaya mu yi masa sallama babu.

Shekara huɗu ina mafarkinsa yana ɗaga mini hannu daga ƙasan ruwa. Ƙarshe na ce sai na gangara na ga wurin da idona. Na fara koyon nutso a ɓoye, don idan Inna ta ji, ɗan da ya rage mata zai shiga ruwan da ya cinye ɗayan, ban san abin da zuciyarta za ta yi ba. Na gama darasin tafki, mai koyarwar ya ce ranar teku sai da rigar nutso, baƙar rigar robar nan da ke manne wa mutum daga wuya zuwa idon sawu.

Nan na gane masu yin rigar ba su taɓa ganin irina ba. Ta haya mafi girma a Yanbu, a cinya ta tsaya ta ce nan ne iyakarta. Wani mai shago ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ma fi maƙas, ya ammi, babu girmanka." Ammi kuma, wato baffa, ni da ba zan ba shi shekara biyar ba. Na yi odar wata ta waya, aka kawo mini ta dogon mutum: ƙafafun suna jan ƙasa, cikin kuma ya ƙi rufuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na kai wa telanmu na unguwar Ƙurban, wani dattijo mutumin Nijar, na ce ya ƙara mata faɗi. Ya ja robar, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Alhaji, wannan ai aikin mai faci ne. Allurata in ta huda ta, ruwa zai bi ramin ya same ka."

Na san inda wata take. Guda biyu Yaya ya sa aka yi masa a kan awonsa. Ɗaya tana jikinsa har yau, ɗayar tana rataye a durowar Inna, bayan abayoyinta. Na daɗe ina zagaye tunanin, don tsoron rigar nake ji.

Asabar da safe Inna takan tafi masallacin Ƙuba tare da maƙwabciyarta. Suna fita na shiga ɗakin. Rigar ta yi nauyi, kuma ba ta saki siffarsa ba: gwiwoyin sun ɗan lanƙwashe, cikin ya turo, kamar yanzu ya fita daga ciki. Tana warin roba da gishiri da turaren wutar Inna. Na zura ƙafa ina addu'ar kada ta shige ni. Ta shige. Cinya, ciki, kafaɗa, ko'ina ya zauna daram. Na kasa duban madubi. Na juya wa ƙofa baya ina laluben igiyar zif ɗin da ke gadon bayana.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Ciwon gwiwa ne ya dawo da Inna tun daga bakin titi. Abin da na ji kawai, ta kira sunan Yaya.

Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Ko kwanakin zaman makoki, mata suna kuka, ita tana jan carbi tana ba su haƙuri. Yau ga sunan ya fito cikakke, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci.

"Inna, ni ne," na ce, na fara juyowa.

"Na sani. Kada ka juyo."

Na tsaya. Na ji takunta a kan kafet, da ɗingishin. Ta kama igiyar ta ja zif ɗin har wuya, ta shafa robar a kafaɗuna tana gyara ta, sannan ta jingina goshinta a tsakiyar bayana. Robar tana da kauri, ban ji hawaye ba, girgizar jikinta kawai nake ji. Ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Ta tambaye shi ko akwai sanyi. Ta ce ta yafe masa, shi ma ya yafe mata, ba ƙi ba ne, haka aka tarbiyyantar da ita.

Gumi yana gangara cikin rigar har tafin ƙafata, numfashina yana sama-sama, amma ban motsa ba. Da ta gama ta ɗaga kanta, ta sauke zif ɗin da kanta.

"Yanbu za ka?"

"A'a, Inna."

Lokacin da na faɗa ƙarya ce, kafin in gama cire rigar ta zama gaskiya. Har yau ban ga wurin ba, mafarkin kuma bai daina zuwa ba. Amma wasu Asabar ɗin, idan ta ce gwiwa ta hana ta fita, takan ciro rigar ta ajiye a kan gadona. Ni kuma sai in saka, in tsaya in fuskanci bango.