Sumar Madubi

Shekara ashirin da biyu yana yi wa mutane aski, shi kuwa ko silin gashi babu a kansa. Sanƙon ya kama shi tun yana saurayi, kafin ya cika talatin ya share kan tas, har masu zuwa shagon suka ce madubin bango ɓarna ne, kan mai aski ya isa a duba fuska. Daga nan sunan ya bi shi: Madubi. Yakan amsa da dariya, har ya duƙar da kai ya ce wa mutum, "Duba mana, askin ya yi?" Duk wanda ya ga dariyar nan sai ya ɗauka abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai. Kullum in yana share sumar mutane daga ƙasa, ji yake kamar mai girkin da aka hana shi ɗanɗanawa.

Sai ƙodojinsa suka gaza. Ya yi shekara yana zaryar wankin ƙoda, har yayarsa, malamar makaranta da ta yi ritaya amma ba ta daina ba da umarni ba, ta ce a cire tata ɗaya a sa masa. Tun ranar da ya farfaɗo ta shimfiɗa masa doka.

"Ajiya na ba ka, Auta, ba kyauta ba. Ka kula mini da kayana."

Ranar sallama likita ta jera masa magunguna a kan tebur. Ta ce jiki yana da mai gadi wanda bai san baƙo ba, in aka bar shi zai kori sabuwar ƙodar. Maganin nan shi ke sa mai gadin gyangyaɗi. Sai dai mai gadin da ke gyangyaɗi ba ƙoda kaɗai yake bari ta shiga ba. Cututtuka ma suna samun ƙofa, har da ciwon daji, musamman na fata. Saboda haka ya guji zama a rana, ya riƙa sa malafa, kuma duk wani ƙurji ko tabo da ya ƙi warkewa ya kawo mata da wuri, ko da sai an sauya magani. Ta ƙara da ƙananan abubuwa: hannu zai iya rawa, dasashi ya kumbura, gashi ya ƙaru.

Madubi bai ji komai ba sai na ƙarshen.

Hannun ya yi rawa, sai ya ajiye reza ya koma injin aski zalla, don inji da ma rawa yake, ba mai gane na wa ne. Dasashin ya kumbura, ya rage washe baki. Gashi kuwa ya zo ba tsari, kamar baƙin da ba a gayyata ba: kunnuwa, bayan hannu, gira har ta haɗe. Daga ƙarshe ya tuna da inda aka fi bukatarsa, ya hau kai. Ba wata suma ce ta azo a gani ba, amma tana kama mataji.

Ran da ya sayi matajin kansa, ran nan malafa ta hau ƙusa. Ya fitar da benci ƙofar shago, daidai inda rana ta fi dukan bango, ya riƙa zama yana taje kai a hankali don masu wucewa su shaida. Masu sanƙon unguwa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya.

"Madubi, tsakaninka da Allah, me ka shafa?"

"Sirrin sana'a ne," in ji shi, yana shafa ƙeya. Bai taɓa cewa yana da maganin sanƙo ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi da shi ba. Kujerarsa ta daina hutawa, ta Dogo kuwa, mai askin da ke tsallaken titi, ta fara tara ƙura.

Yaya ta yi faɗan malafa har ta gaji. "Ƙodata kake gasawa a rana?" Sai ya riƙa sa malafar in ya hango ta, ya cire in ta sha kwana.

A shekara ta uku mataji ya ci karo da wani abu a tsakar kansa. Ɗan tudu ne mai tauri, kamar ƙwayar wake. Ya ba shi mako biyu, ya ƙara masa wata, abin bai tafi ba, har ya fara barin ɗigon jini a mataji. Maganar likita ta dawo masa kalma kalma, amma inda ta tsaya masa a maƙogwaro shi ne "ko da sai an sauya magani". Sauya magani kuwa, a lissafinsa, kwashe suma ne. Ya tambayi kansa ko mutuwa yake tsoro, ya tarar yana tsoronta kamar kowa, daga nesa. Abin da ke kusa, wanda yake jin numfashinsa a wuya, shi ne ranar da zai sake duƙar da kai ya ce, "Duba mana." Sai ya tajo gashin gefe ya rufe wurin.

Amma suma tana da nata hakkin, sai an rage ta, mai aski kuma ba ya ganin ƙeyarsa. Shekara ashirin bai bukaci kowa ba, yanzu dole kowane wata ya tsallaka titi ya zauna a kujerar Dogo.

"Sannu da zuwa, mai sirrin sana'a," in ji Dogo, yana ɗaura masa ƙyalle. "Yau ma saisaye?"

"Saisaye. Tsakiyar nan kada ka taɓa."

Dogo ya taɓa. Ya buɗa gashin da yatsu biyu, ya duƙa ya duba.

"Mutumina, wannan fa?"

"Ƙurji ne."

"Ni za ka gaya wa ƙurji? Kawuna nawa muka leƙa ni da kai? Da a kan wani ka gan shi, me za ka ce masa?"

"Cewa zan yi ya biya ya tashi. Yi aikinka, Dogo. Kuma in Yaya ta ji, daga bakinka ne."

"Bakina? Wallahi ko uffan."

Ya kunna inji. Ya gyara gefe, ya gyara ƙeya, yana ta labarin ƙwallo. Can sai Madubi ya ji sanyin iska a inda bai kamata ba. Ya ɗaga ido ya ga suma tana gangarowa kan ƙyalle.

"Kash!" in ji Dogo. "Hannu ne ya kuɓuce."

Kuɓucewar ta ba da mamaki. Ta share fili mai faɗin tafin hannu, ta zagaye tudun nan tsaf ba ta ko shafe shi ba, ta bar shi a tsakiya kowa na gani. Madubi ya zagi Dogo, ya zagi injinsa da wanda ya koya masa aski, ya tsallaka titi da ƙyalle a ka. A shago ya sauko da malafa daga ƙusa, ya kaɗe mata ƙura.

Da la'asar Yaya ta biyo ta layin. Ta tsaya ta dube shi zaune a cikin shago, a inuwa, da malafa a ka, ba tare da ya hango zuwanta ba. Shekara talatin tana kama masu satar amsa.

"Auta, yau kuma biyayya? Cire."

"Yaya, ke fa kika ce..."

Ta cire da kanta. Ta daɗe tana kallon wurin. Da ta yi magana muryarta ba ta fito da ƙarfin da ta saba ba.

"An yanka ni saboda kai. Rufe shagon nan."

Gwaji ya nuna abin da ake tsoro ne, amma bai yi nisa ba. Aka yanke shi, aka ɗinke. Likita ta sauya maganin, ta yi masa faɗan da ya tarar na Yaya wasa ne. Ƙodar ta zauna lafiya. Sumar ce ta tattara ta tafi cikin 'yan watanni, ta kunnuwa ce kawai ta yi ta jan ƙafa.

Masu sanƙo suka koma tsallaken titi ba kunya. Har yau Madubi bai yanke hukunci ba: ceton ransa Dogo ya yi, ko allon tallarsa ya sauke? Da ya tambaye shi, Dogo cewa ya yi, "Sai an zaɓi ɗaya?"

Yanzu benci ya koma ciki, malafa ba ta sauka sai in Yaya ta zo dubawa, kowace Asabar, da tabarau a hanci. Wani lokaci tsohon mai zuwa shagon yakan roƙa a buɗe masa madubi ya ga askinsa. Madubi yakan ɗaga malafar ya duƙa, tabon ɗinkin ya bayyana.

"Af, ya tsage!"

"Ya tsage," in ji shi, "amma yana nan. Duba mana, ya yi?"

Matajin kuwa har yanzu yana aljihun gaba. Ya ce na baƙi ne.